Ranka ya daɗe Edita, a bar wa yaranmu yammacin Alhamis su koyi tarihinsu

Assalamu alaikum ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da tarihi a wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo a nan birnin Kano, kuma maganar da nake tafe da ita ta kulob ɗin tarihi ce, wato irin zaman da yara suke yi bayan an tashi daga makaranta, ba dole ba maki ba bulala, wanda na ga amfaninsa da idona kuma yanzu nake ganin yana neman mutuwa a hannunmu.

Kowa dai ya san yadda aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka ce wai an cusa shi a cikin wasu darussan, muka yi ta ƙorafi shekara da shekaru har Allah ya sa a watan Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi ta ƙaddamar da dawo da shi, har da maganar horar da malamai 3,700. Wallahi mun yi murna, ni dai na yi. Amma fa dawo da darasi cikin jadawali daban, sa yaro ya so darasin daban. Abin da yake faruwa a aji shi ne minti 40 ne gare ka, yara sun fi 80, wasu a benci wasu a ƙasa wasu a kan taga, kafin a yi shiru minti goma ta tafi, sai ka juya allo ka hau rubuta not su kuma su hau kwafa, Bagauda 999, Gijimasu 1095 zuwa 1134 shi ya fara ginin ganuwa, Rumfa 1463 zuwa 1499, a haddace a juye a takardar jarrabawa a manta. In sun shiga babbar sakandare kuma tarihi zaɓi ne, mafi yawan 'yan ajin ats darasin Gwamnati suke ɗauka saboda sun ce ya fi saukin ci a WAEC, shi kenan an rabu.

Abin da ya sa na fara kulob ɗin ma wata rana ce ina cikin maganar Barbushe da Tsumburbura na ga rabin aji na hamma, sai na ajiye alli na ce wa ya taɓa hawa Dala a cikinku? Hannun da aka ɗaga bai kai goma ba, alhali in ka fita bakin get ɗin makarantar ka ɗaga kai ga dutsen can kana hango shi. Abin ya tsaya mini a rai. Na je na samu shugaban makaranta na lokacin, Allah ya saka masa da alheri, ya ba ni aji ɗaya da awa ɗaya da rabi duk ranar Alhamis bayan tashi, kuma da gangan na zaɓi Alhamis don yawancin Islamiyyu da makarantun allo suna hutu ran nan, kada wani uba ya ce mun hana ɗansa karatun addini.

Aikin farko da na ba su ba na littafi ba ne. Na ce kowa ya je gida ya samu tsoho ko tsohuwa mafi shekaru da zai iya samu, ya durƙusa ya gaishe su yadda ya kamata, ya tambaye su labarin shekarar canjin kuɗi, wato Janairun 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Edita, Alhamis ɗin da ta biyo baya sai da na rasa wanda zan fara ba dama, kowa na son magana. Wani ya zo da kwabo mai huji da kakarsa ta ciro daga ƙasan adaka, wani ya zo da lissafin da kakansa ya yi masa, anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, nai, sule, fataka, fam, ya ce taro kwabo uku ne sisi shida nai tara, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, da aka yi canji fam ɗaya ta zama naira biyu shi ya sa tsofaffi har yanzu in sun ce fam goma naira ashirin suke nufi. Yaran da in malamin lissafi ya shigo sai su sunkuyar da kai, su ne suka cika allo da lissafin sadakin kakanninsu suna mayar da shi naira, suna musu da juna a kan wanda ya yi daidai. Daga nan tsofaffin da kansu suka dinga ƙaro mana aiki, wannan ya ce ku tambayi shekarar canjin hannu, wato Afrilun 1972 da motoci suka koma bin dama, wannan ya ce shekarar Udoji da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wannan ya ce farin 1973 da shanu suka yi ta faɗuwa, wata tsohuwa kuma ta ba jikanta labarin ranar da jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin Kano a Janairun 1973, tana ba shi tana hawaye saboda akwai maƙwabcinsu a ciki, yaron ya ce mini Malam ban taɓa zama da ita na awa guda ba sai ran nan.

Akwai abin da ya faru a kan maganar haraji da nake ganin ya fi duk wani not da na taɓa rubutawa a allo. Wani yaro ya kawo tsohon rasit ɗin haraji na kakansa, takardar ta yi ja duk ta karkarye a wurin ninki, ya ba da labarin yadda kakan ya ce in lokacin haraji ya zo mutum kan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci, wani ma ya gudu ya bar gari don kada a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, ya ce ranar da gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 kamar salla aka yi a ƙauyensu. Yana gama faɗa sai wani yaron ya miƙe, shi kuma jikan mai unguwa ne, ya ce nasa kakan ba haka ya faɗa masa ba, cewa ya yi da kuɗin harajin En'e take biyan malamai da 'yan doka da ma'aikatan asibiti, kuma mai unguwa shi ma a matse yake don in kuɗi bai cika ba shi za a kama. Aji ya kaure, kowa ya juyo yana kallona in raba gardama. Na ce ba zan raba ba, ku gaya mini me ya sa mutum biyu da suka rayu a zamani ɗaya a ƙasa ɗaya suka ba da labari biyu. Sun fi minti ashirin suna kai da komo kafin wani ƙaramin cikinsu ya ce ai Malam ɗaya karɓa yake ɗaya kuma biya yake. To wannan shi ne ilimin tarihi, a san waye mai ba da labarin, a ina yake tsaye lokacin da abin ya faru, kuma yaro ne ɗan shekara 15 ya gano da kansa. Yaron da ya koyi wannan tambayar, gobe in an turo masa wani odiyo a WhatsApp an ce kaza ya faru a gari kaza ba zai yi saurin turawa gaba ba.

Amma wanda ya sa na ɗauki biro na rubuto maka shi ne wani ɗalibi da ba zan faɗi sunansa ba. Ya girmi 'yan ajinsu da kusan shekara huɗu saboda sai da ya yi tsangaya ya sauke kafin a sa shi boko, kullum yana bencin ƙarshe, Turanci ya gagare shi, in an ce ya karanta sai yara su yi ta dariya ƙasa-ƙasa har ya daina buɗe baki gaba ɗaya, malamai da yawa sun riga sun cire rai da shi. Kulob ɗin ma ba don kansa yake zuwa ba, ƙaninsa yake jira su tafi gida tare. Ran nan sai wani yaro ya zo da wata takarda a cikin leda, ya ce a cikin littattafan marigayi kakan babansa aka same ta, 'yan gidan sun ɗauka laya ce ko addu'a shi ya sa ba a taɓa yar da ita ba. Na duba na ga ajami ne da tawadar zuge, irin rubutun nan na warash, na kamo kalma biyu uku na tsaya. Aka zagaya da ita aji ba wanda ya iya. Sai wannan ɗalibin daga can baya ya ce a hankali, Malam in gani. Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa kusa da taga, ya sa yatsa ya fara bi, sai ga shi yana karantawa tiryan-tiryan kamar shi ya rubuta. Ashe wasiƙa ce wani ɗan'uwansu ya aiko daga Sudan, yana gaida mahaifiyarsa da 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, yana sanar da su cewa yana nan yana aikin auduga yana tara guziri don ya ƙarasa Makka, yana roƙon a yafe masa daɗewar da ya yi, a ƙarshe yana yi wa Sarki Alhaji addu'ar ƙarin lafiya. Ajin ya yi tsit, jikan mai takardar kuwa kuka ya fashe da shi don a gidansu an san dai akwai wani da ya tafi gabas bai dawo ba, ba wanda ya san ya taɓa aiko da saƙo.

Wasiƙar ba ta da shekara, sai na ce su nemo. Sati biyu suna bincike, suka dawo suka ce Sarki Alhaji shi ne Abdullahi Bayero, ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, kuma a 1937 ya yi aikin hajjin da ya sa ake kiransa haka, saboda haka tsakanin 1937 da 1953 aka rubuta ta. Muka aro taswirar Afirka daga ofis muka shimfiɗa a ƙasa suka bi hanyar da alhazan ƙafa suke bi da yatsa, Kano zuwa Maiduguri, a tsallaka Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, a wuce Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a bi ta Ubayyid har bakin Nilu, daga nan sai Sawakin ko Fot Sudan a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Suka gano cewa gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 bayan gina madatsar ruwan Sennar sun ci ƙarfin mutanenmu da yawa da suka tsaya neman guziri, wasu suka zauna har yau jikokinsu na can suna jin Hausa. Daga nan magana ta kai mu garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka tsira bayan yaƙin Burmi na 1903, sai ga shi abin da na sha rubutawa a allo suna hamma yanzu su suke tambayata, Malam ina ne Burmi, me ya kai Sarkin Musulmi can, Sarkin Kano Alu fa ina yake lokacin da Turawa suka shigo, me ya sa aka kai shi Lakwaja.

Shi kuwa ɗalibin nan tun daga ranar ya zama shi ne mai karanta mana duk wata takardar ajami, yara suka koma ce masa Alaramma da girmamawa ba da tsokana ba. Abin da ya fi burge ni shi ne da kansa ya zo ya ce yana so ya juya wasiƙar zuwa boko sannan zuwa Turanci don a liƙa a allon sanarwa, ya yi ta kawo mini ina gyarawa yana sakewa har sau biyar, mutumin da a da layi uku na insha'i ke gagararsa. Ba zan ce maka ya zama na ɗaya a aji ba, bai zama ba, amma ya dawo bencin tsakiya, yana ɗaga hannu, kuma ya zauna jarrabawar fita wadda a da ya ce mini ba zai ɓata kuɗin babansa a kanta ba.

Fita kuwa sau biyu kawai muka samu yi a shekarar, da karo-karon naira ɗari-ɗari da ɗan abin da na ƙara daga aljihuna muka ɗauki bas. A Gidan Makama sun daɗe a gaban tsohon ƙyauren Ƙofar Kabuga, ƙofar da sojan Turawa suka shigo ta nan a Fabrairun 1903, suna shafa ƙarfen suna tambayar jami'in gidan har sai da na ce su bar shi ya huta. A marinar Ƙofar Mata kuma wani dattijon marini ya tsoma farin ƙyalle a cikin rijiyar baba ya ɗago, ya fito kore-kore, muna tsaye muna kallo iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi, wani ɗan ajin kimiyya ya yi tsalle ya ce wallahi wannan ne abin da malamin kemistiri yake ta faɗa mana na iskar oksijin! Dattijon ya yi musu bayanin baba da toka da katsi da kwanakin da ruwan ke yi kafin ya nuna, ya kuma nuna musu rijiyoyin da suka bushe aka cika su da shara saboda babu masu gado. A hanyar dawowa suka ga inda aka yanke ganuwa aka yi gini, da inda ake ɗibar ƙasarta, ban ce musu komai ba su suka fara faɗa a cikin mota.

Kada a ɗauka wannan wani sabon abu ne na ƙirƙiro. A Amurka akwai gasar tarihi ta 'yan makaranta da aka fara a 1974 a wata jami'a da ke Cleveland ta jihar Ohio, yau ɗalibai sama da rabin miliyan ke shiga duk shekara, daga matakin makaranta zuwa jiha har zagayen ƙarshe a Jami'ar Maryland a watan Yuni, yaro ya zaɓi batunsa ya yi bincike ya gabatar ta rubutu ko wasan kwaikwayo ko baje koli ko bidiyo. A cikin wannan gasar ne a 1999 wasu 'yan mata 'yan sakandare a wani ƙaramin gari Uniontown a jihar Kansas suka tono labarin Irena Sendler, matar nan 'yar Folan da ita da abokan aikinta suka fitar da yaran Yahudawa kimanin 2,500 daga unguwar da 'yan Nazi suka killace a Warso lokacin yaƙin duniya na biyu, duniya ta kusa mantawa da ita, suka gano tana raye har suka je suka gan ta. 'Yan ƙauye ne fa, ba su fi namu ƙwaƙwalwa ba, malami suka samu da makarantar da ta ba su lokaci.

To lokacin nan shi aka ƙwace mana. Da aka yi sauyin shugabanci a makarantarmu sai aka ce yammacin Alhamis ya koma na lesin ɗin shirin WAEC da NECO, ajin da muke zama aka sa masa kwaɗo, da na yi magana aka ce mini kulob wasa ne, iyaye sakamako suke so su gani. Ban raina lesin ba kuma na san halin da iyaye suke ciki, mutum ya biya kuɗin jarrabawa da gumin goshinsa dole ya so ɗansa ya fito da kiredit biyar. Amma yaron da zuciyarsa ta riga ta fita daga makaranta ko lesin goma ka ƙara masa jikinsa ne kawai a wurin, sai an fara samun abin da zai sa ya ji shi ma yana da abin faɗa, kuma ni a shekarun da na yi ina koyarwa ban ga abin da ke yin wannan aikin kamar a tura yaro ya binciko labarin gidansu da unguwarsu ba. Yanzu a gindin wata darbejiya muke haɗuwa in an samu sarari, yara kusan ashirin har yau suna zuwa.

Wasu kuma tsoronsu kada yara su tono abin da zai kawo rigima, maganar bauta, ko yaƙin basasar Kano na Tukur da Yusufu, ko rikicin NEPU da NPC da ya raba gidaje. Gaskiya ne akwai wuraren da sai an bi a hankali, shi ya sa ake bukatar malami a wurin, kuma dokarmu ita ce ba a kawo sunan gidan kowa a abin da zai kunyata shi, ba a naɗar muryar tsoho a waya sai da izininsa. Amma in ba mu koya musu a gabanmu da ladabi ba za su ji shi a TikTok daga bakin wanda bai san komai ba sai zagi.

Roƙona ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu shi ne a fitar da takarda a rubuce cewa kowace sakandare ta ware wa kulob lokaci a sati wanda ba mai ikon taɓawa, a sa ɗan kuɗin mota na fita ko sau ɗaya a zango, makarantun 'yan mata ma kada a bar su a baya don wata abokiyar aikina ta gwada da ɗalibanta a kan Nana Asma'u da 'yan taru da waƙoƙin daka da na niƙa, ta ce abin da suka kwaso daga bakin kakanninsu mata ya cika littafin rubutu uku. Kowane gari da abinsa a kusa, na Katsina ga Gobarau, na Daura ga Kusugu, na Sakkwato ga Hubbare da kufan Surame, na Zariya ga ganuwarsu da Kufena, ba sai an yi doguwar tafiya ba balle a ce tsaro. Sassan tarihi na jami'o'inmu irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo su turo ɗalibansu na ajin ƙarshe su riƙa taya malamai, Gidan Arewa da gidan adana takardun tarihi na Kaduna su buɗe wa 'yan sakandare ƙofa ko rana ɗaya a wata, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma da suke gyara mana azuzuwa Allah ya saka, su ƙara da ɗaukar nauyin gasa tsakanin makarantu ko da kyautar littattafai ce.

Abin da ya sa nake gaggawa, akwai wani dattijo a unguwar su ɗaya daga cikin yarana da ya yi leburanci a dalar gyaɗa, yana cikin masu hawa da buhu a ka har ƙololuwa, ya yi mana alkawarin zai ba mu labarin yadda ake jera buhunan da yadda jirgin ƙasa ke kwashe su zuwa Ikko da yadda abin ya mutu bayan fari da cutar gyaɗar 1975. Muka sa ranar Alhamis, satin ne aka rufe mana aji, muka ɗaga zuwa bayan jarrabawa, kafin lokacin Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Yaron ya zo ya gaya mini yana riƙe da takardar tambayoyi goma sha biyu da ya shirya masa.

Kai kuma ranka ya daɗe, in da hali jaridarka ta ware ko rabin shafi ne a wata don buga abin da 'yan sakandare suka binciko da hannunsu, ina da fassarar wasiƙar Sudan ɗin nan a ajiye, iyalan sun ba da izini, in ka amince ita zan fara aiko maka.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin tarihi daga birnin Kano